Ruwan da ke Cikin Jirgi

A shekarar 2023, da aka rufe kadarkon da ya haɗa Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, fatake suka mayar da hajarsu cikin kwale-kwale. A lokacin ne aikin wani dattijo mai gyaran jirage a bakin kogin Isa ya yi yawa, har ya rasa lokacin sallar walaha.

Masu jirage suna zuwar masa da tsumma da kwalta, su ce ya toshe musu ɓaraka. Shi kuwa ba ya fara taɓa kwalta. Sai ya sa a ɗaga katakan shimfiɗa, ya zura hannu ƙarƙashin haƙarƙarin jirgin. A gindin kowane haƙarƙari akwai ƴar kafa da aka bari domin ruwa ya gangara zuwa wuri mafi zurfi, inda yaro ke zaune da ƙwarya ko yankakken bido yana kwarfewa. Waɗannan kafofi ne yashi da ɓawon albasa da tsabar masara ke cikewa. Tsabar ta sha ruwa, ta kumbura, ta liƙe kamar an buga turke. Yaro ya ga gabansa a bushe, ya zauna, alhali ruwa na kwance ƙarƙashin buhuna.

Lissafin, ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ƙasan jirgi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 1, in ruwa ya kai santimita 5, ya ɗauki kilo 500, wato buhu biyar da ba wanda ya biya kuɗin dakonsu. Buhu ma ya fi, don yana zama inda aka ajiye shi. Ruwa kuwa, da jirgi ya karkata kaɗan, sai ya ruga gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danne shi.

Maganin dattijon ba shi da tsada, shi ya sa wasu ke raina shi. Yakan buɗa kafofin da jan ƙarfe, ya zura igiya guda ta bi cikinsu daga goshi zuwa baya, ya ce a riƙa jan ta gaba da baya kafin lodi. Tampol ɗin rufe kaya kuma, bakinsa ya sauka bayan jirgi, kada ya zubo ruwan sama ciki. Sai an gama wannan, an kwarfe, an kwana, sannan yake duba inda danshi ya dawo, ya aza kwalta a wuta.