Akurkin da Ya Kai Inna Damargu

A unguwarmu a Damagaram babu yaron da bai san "akurkin Nasara" ba. Wani farin akwati ne na alminiyon mai ƙofa ɗaya da taga biyu, yana zaune bisa bulo a bayan gidanmu tun ina ɗan makaranta. Kajin Inna ke kwana a ciki. Wanda bai sani ba zai rantse don kaji aka ƙera shi, alhali kuwa ɗaki ne irin wanda Turawa masu yawon buɗe ido ke ɗorawa a bayan mota a-kori-kura: ga gado, ga wurin girki, ga tankin ruwa. Inda dare ya same su, nan ne gida.

Baba direba ne. Shekara da shekaru yana kai baƙi Agadas da duwatsun Ayar har cikin Tenere, zamanin da tseren motocin Paris-Dakar ke ratsa Nijar, Turawa kuma na sauko da tsofaffin motoci ta Aljeriya suna sayarwa a Arlit da Agadas. Wani Bajamushe da matarsa ne suka zo da akwatin. Injin motarsu ya mutu, suka sayar da ita, suka bar wa Baba ɗakin ajiya, wai baɗi za su komo. Baɗin ta zo daidai da tawayen da ya ɓarke a arewa a 2007, ƙafar baƙi ta ɗauke. Ba su komo ba. Baba ya ƙi sayarwa har ya koma ga Mahaliccinsa. Ko da yaushe ƴan gwangwan suka taya, amsarsa ɗaya ce: amana ce.

Abu biyu na wannan zamanin suka rage a gidan: akwatin, da motarsa Toyota Hilux ta 1992, kat-kat mai injin gazuwal lita 2.8, wadda ta yi shekara shida ba a tayar da ita ba. Yayana ya ce mu haɗa duka mu sayar, mu gyara rufin zaure. Maganarsa tana kan hanya, na kusa yarda. Abin da ya tsayar da ni maganar Inna ce.

Inna ƴar Damargu ce, daga wani ƙauye can bayan Tanut inda kwalta ba ta zuwa. Yayarta ɗaya ta rage a duniya, ta tsufa, idonta ya tafi. Shekara goma sha huɗu ba su haɗu ba, domin ciwon ƙugu ya hana Inna zama a mota fiye da rabin awa, motar kasuwa kuwa ba ta san mai ciwo ba. Wata rana na dawo daga gidan rediyo, na same ta tana watsa wa kaji tsaba a bakin akwatin, ta ce kamar da wasa, "Da a kwance ake zuwa Damargu, da na je." Na dubi gadon da ke ciki, kashin kaji ya rufe shi. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kafin na taɓa komai sai da na rubuta wasiƙa sau biyu zuwa adireshin da ke cikin littafin Baba. Shiru. Na ce wa Yaya ba zan sayar ba, gyarawa zan yi. In masu shi sun bayyana, su tarar da kayansu ya fi yadda suka bari. Ya ce, "To, da wane kuɗi?" Albashin mai gabatar da shiri a rediyo, wanda ya sani ya sani. Abin da nake da shi jika ɗari shida ne na adashe, waɗanda na yi niyyar zubawa a fili.

Nan na tafka kuskurena na farko. Aikina magana ne, hannuna bai san sifana ba, don haka abin da ido ke gani shi na fara bi. Na sayi fenti, na ba tela ɗinkin labule, har na fara cinikin ƙaramin firij. Sai na je wurin wani tsohon makanike, abokin Baba, ya zo ya ga motar. Bai ko kalli fentin ba. Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashi da guduma, yana ƙwanƙwasa shasi yana kasa kunne kamar likita. Da ya fito ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ɗana, labule ne zai fitar da uwarka daga rairayi? Kuɗin talaka daga ƙasa yake farawa, ya hau sama. In ya ƙare kafin ya kai rufi, ba komai."

Daga ƙasan muka fara. Ya ce alherin wannan mota shi ne ba ta da kwamfuta, duk abin da ya lalace a daji ana iya ganinsa da ido. Muka zubar da tsohon gazuwal, muka wanke tanki, muka canja matatun mai da na iska. Ya dage sai an sa sabon bel ɗin da ke daidaita tafiyar injin, wanda ƙa'idarsa a canja shi duk kilomita 100,000, ya ce ko bai cika ba, robar da ta yi shekara shida a zafin Damagaram ta riga ta mutu, in kuma ta tsinke ana tafiya injin ne gaba ɗaya. Lagireto aka kai aka wanke aka toshe inda yake yoyo. Birki sabo. Sifirin na baya kuwa, da yake shi zai ɗauki nauyin ɗaki, muka ƙara masa ganye ɗaya kowane gefe daga wata matacciyar Hilux.

Wasu kayan babu su a gari, sai Kano. Na ba wani direban da ke zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa saƙo, na haɗa masa da tsofaffin kayan don a gwada. Da na so in yi arha da taya, tsohon ya hana. Ya yarda a sayi na hannu a komai, ban da bel, birki da taya. Tayoyi huɗu da safaya suka cinye kusan rabin kuɗina. Na mayar da zancen firij aljihu.

Ɗakin kuma da muka ɓare fatar alminiyon ta gefe ɗaya, sai gabana ya faɗi. Ashe ƙashinsa katako ne, ruwan damina goma sha bakwai yana shiga ta bakin tagar rufi, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Kana taɓawa yana zuba kamar garin kuka. Kafinta ya ce a maye da katako mai kauri, mai walda ya ce a yi da ƙarfe kawai a huta. Tsohon ya ce duk su biyun nauyi suke neman ɗora wa motar. Abin da irin wannan mota ke iya ɗauka bai wuce tan guda ba, a ciki kuma har da mutane, da mai, da ruwa, kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Nauyin da ke sama kuma shi ke kifar da mota a gefen tudu. Muka tsaya a kan siririn bututun ƙarfe a kusurwoyi huɗu da gindi, sauran katako marar nauyi. Muka cire murhun gas da tsohon tanki da duk akwatunan sama. Jarkoki suka koma ƙasa, dab da bayan direba. Aka ɗaure ɗakin da shasi a wuri huɗu da sarƙa mai noti.

Abin da na kashe wa kuɗi a ciki da zuciya ɗaya shi ne katifa. Na kai Inna wurin mai katifa da kanta, ta kwanta bisa uku kafin ta zaɓa. Na sa sola mai wat 100 a rufi da batir na biyu, don fanka da fitila da cajin na'urar ɗaukar murya, kada a taɓa batirin tayar da mota. Maimakon firij, Inna ta sa aka nemo salka. Ta ce iyayenta ba su taɓa shan ruwan zafi a hanya ba.

Wata takwas muna wannan aiki, Asabar da Lahadi, da duk ranar da ba ni da shirin safe. Masu sauraro sun sha jin muryata a shaƙe, ba su san ƙurar tsatsa ba ce. A raina ina son sai komai ya kammala, fenti ya hau, ƙofa ta sami makulli. Sai a farkon Disamba saƙo ya zo cewa Iya, yayar Inna, ta kwanta, ba ta cin abinci sosai. Gefe ɗaya na ɗakin fari ne, ɗayan kalar tukunya. Ƙofar da igiya muke ɗaure ta. Na je wurin tsohon ina kame-kame, ya ce, "Ƙasa ta gama. Ku tafi."

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Agadas, ni da ƙanwata da wani yaron garejin. Kimanin kilomita 150 ne zuwa Tanut, ban wuce gudun 60 ba, ina duba Inna ta ƴar tagar baya. Jandarmomi a shinge suka leƙa, suka ga tsohuwa a kwance da carbinta, ɗaya ya tambaya ko motar asibiti ce. Bayan Tanut muka sauka daga kwalta. Tsohon ya gargaɗe ni cewa rairayi da sanyin safiya yana da ƙarfi, da rana kuwa sakin jiki yake yi, amma tafiyar hawainiyar da na yi ta sa azahar ta same mu a wani busasshen kwari. Na ji motar tana nauyi, na taka mai, abin da aka ce kada in yi. Ta nutse har gindi.

Na fito ina zufa cikin hunturu. Ba wayar da ke kamawa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, ni na ɗauko tsohuwa marar lafiya daga ɗakinta na kawo ta nan. Sai muryar Inna daga ciki: "Kai, ka sace iskar tayar mana. Babanku haka yake yi." Shekara talatin tana jin hirar direbobi a zaure, ashe ba a banza ba. Muka rage iska har tayoyin suka yi tumbi, muka haƙe gabansu da shebur, muka shimfiɗa faranti biyu na ƙarfe da mai walda ya huda mana, na sa ƙaramin giya na bar ta ta ja da kanta. Ta fito kamar ba ita ba. Sau biyu muka sake kafewa kafin la'asar, amma tsoron ya riga ya tafi.

Da muka isa, yara suka kewaye mu. Aka kamo Inna aka shigar da ita bukkar. Iya ta miƙa hannu tana shafa fuskarta, goshi, hanci, haɓa, ta kira ta da wani suna na ƙuruciya da ban taɓa ji ba. Na'urar ɗaukar murya tana aljihuna. Makarantar koyon aikin jarida a Yamai ta koya min cewa irin wannan lokacin ba a barinsa ya wuce. Na bar shi ya wuce, na fita waje na zauna a gindin taya.

Kwana tara muka yi. Da dare Inna ta ƙi kwana a ɗakin da na sha wahalar gyarawa, ta ce katifar kawai za a shigar mata kusa da yayarta. Ni na kwana a kan katako. Da rana na zaga ƙauyukan kusa, na ɗauko hirar manoman gero da masu jan ruwa a rijiyoyi masu zurfi, abin da ya ishe ni shiri huɗu. Iya ta rasu kafin damina ta gaba. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Baba.

Fili dai ban saya ba, rufin zaure kuma sai bana muka gyara. Har yau gefe ɗaya ba fenti, gwangwanayen suna nan a ƙarƙashin gadona. Yaya, wanda ya so a sayar, shi ya fara zuwa aro, zai ɗauko surukarsa daga wajen Gure zuwa asibiti. Na ba shi makulli, na nuna masa yadda ake ɗaure ƙofar, na ce in ya ji ta fara nauyi a rairayi ya ɗaga ƙafarsa. Kajin Inna kuwa mun gina musu akurki na ƙasa, amma duk ranar da aka manta ƙofar ɗakin a buɗe, sai an kore su daga kan gadon.