Garin da mota ta haifa



Makon jiya ina matse a bayan wata tsohuwar Golf, mu huɗu, sai idona ya faɗa kan tambarin sitiyari. Na ce a raina, su mutanen garin wannan kamfani da me suke kwana? Abin da ya kai ni karatu a kan Wolfsburg ta ƙasar Jamus ke nan.

Kafin 1938 babu garin, sai ƙauyuka da wani tsohon gidan sarauta. Gwamnatin Hitler ce ta kafa shi domin ma'aikatan Volkswagen su sami wurin zama. An yi wa talakawa alkawarin mota mai sauƙin kuɗi, sun yi ta zuba adashi, amma yaƙi ya zo aka koma ƙera motocin soja, da gumin dubban mutanen da aka tilasta wa aiki. Sunan Wolfsburg ma sai a 1945 aka raɗa shi.

Yau mutanen garin sun haura dubu 120, masana'antar kuma tana da ma'aikata kusan dubu 60. Hatta ƙungiyar ƙwallon garin ta kamfanin ce, wadda Osimhen ya buga wa bai ci ko ƙwallo ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 2015. Hukumomin Amurka sun kama kamfanin da maguɗin gwajin hayaƙin motoci. Ba a rufe wata guda ba magajin garin, Klaus Mohrs, ya dakatar da sababbin kashe-kashen kuɗi da ɗaukar ma'aikata, domin harajin kamfanin ne ke cika asusun gari. Laifin manya a ofis, amma ya biyo har kan matashin da ke jiran aikin hukuma. Jama'a ne suka zaɓi magajin gari, to amma da ana sayen mota da ba a saye, ba shi da ta cewa. A ganina wannan rabin mulki ne.

Daga nan na buɗe labarin da nake rubutawa. Babi bakwai, ga Alhaji mai kuɗi, ga ɗan siyasa, ga soyayya, amma ko layi ɗaya babu da ya nuna inda kuɗin garin ke fitowa, ko wanda zai kwana da yunwa in ya tsaya. Kunya ta kama ni. Na koma babi na farko, sai ku yi haƙuri da ni, labarin ba zai zo a watan nan ba.