Ranar Da Na Ƙwace Alewar Ɗalibata

Shekara 11 na yi ina koyarwa a firamare kafin ranar da zan ba ku labarinta, kuma duk tsawon wannan lokaci da doka guda aka san ni: ba a cin komai a ajina. Ba gyaɗa, ba aya, ba alewa. Wanda na kama, in karɓe abin, shi kuma ya fita ya durƙusa a bakin ƙofa har sai an kaɗa ƙararrawa. Ina alfahari da dokar nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara fiye da 70 da alli a hannu ya san cewa in ka ɗaga wa ɗaya ƙafa, ka ɗaga wa aji gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka aka rene mu, haka muka yi niyyar renon na bayanmu.

Wata Talata ce cikin watan Maris, zafi ya fara tsananta. Ina tsakiyar darasin lissafi a aji huɗu, ba a kai ga fita tara ba, sai na hango hannun wata yarinya yana kaiwa baki ta ƙarƙashin hijabi. Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar shekara 9 ce, mai natsuwa, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na kira ta, ba ta amsa ba. Na sake kira, ta ɗago ta zuba mini ido, irin kallon da na ɗauka harara ce. Da na isa kanta na buɗe tafin hannunta, alewa ce guda biyu, ta ɓare ɗaya. Na miƙa hannu zan karɓa sai ta damƙe, ta ce da wata murya mai nauyi, “Malama, ki bar ni.” Aji ya yi tsit. Na ɓamɓare yatsunta na karɓe, na kora ta waje ta durƙusa a rana.

Ban fi minti goma da komawa allo ba monita ya ƙwala ihu, “Malama, ta faɗi!”

Na same ta kwance a gefe guda, gumi ya jiƙe hijabinta sharkaf, jikinta sanyi ƙalau yana karkarwa. Nan da nan malamai suka taru. Wata ta ce iskokai ne, a yi mata tofi. Wani ya kawo ruwa a buta zai sheƙa mata. Muna cikin wannan ruɗani sai ga yayanta ɗan aji shida ya kutso da gudu yana kuka yana cewa, “Suga ne! Suganta ne ya sauka, ku ba ta lemo!” Allah ya sa idonta na buɗe kuma tana iya haɗiya. Aka ruga wurin mai tebur a bakin makaranta aka kawo lemon kwalba, muka tallafo kanta, tana kurɓa kaɗan-kaɗan. Cikin kwata na awa ta dawo hayyacinta, ta dube ni, ta ce in yi haƙuri ba za ta ƙara cin alewa a aji ba. Wannan maganar har yau ba ta bar ni ba.

Da mahaifiyarta ta iso, na shirya wa faɗa, amma ba ta yi ba. Muka zauna a ofishin hedimasta, ta ce, “Malama, laifinmu ne. Shekara biyu ke nan ana yi mata allura, mahaifinta ya ce kada a faɗa wa kowa. 'Ya mace ce, kin san bakin mutane.” Na ce, “Hajiya, ni ma ai uwa ce, da an sanar da ni.” Ta sunkuyar da kai. Sannan ta warware mini yadda safiyar ta kasance. An yi wa yarinyar allurar insulin kamar kullum, amma saboda an makara ba ta shanye kokonta ba, ƙosan ma ɗaya ta ci. Da ta iso an riga an rufe ƙofa, aka sa ta tsallen kwaɗo tare da sauran makararru daga bakin ƙofa har zuwa aji. Allura a jiki, ciki babu abinci, ga motsa jiki mai tsanani. Alewar da na ƙwace magani ce, likita ne ya ce kada ta rabu da ita.

A lokacin, ni dai abin da na sani game da ciwon suga shi ne ciwon dattawa ne, kuma mai shi ba ya kusantar zaƙi. Ashe iri-iri ne. Wanda ya fi kama yara shi ne nau'i na ɗaya, inda garkuwar jiki kan lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a wata gaɓa ta cikin ciki da likitoci ke kira fankiriyas. Insulin shi ne ke shigar da sugan da ke cikin jini zuwa sassan jiki su yi aiki da shi. Yaron da jikinsa ya daina yin sa, dole a riƙa yi masa allurarsa kowace rana har iyakar rayuwa. Ba yawan shan zaƙi ne ya jawo masa ba, ba sakacin uwa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta zama kusa ko cin abinci kwano ɗaya. Wahalar ita ce allurar da aka yi ba ta san an makara ba. Tana ci gaba da sauke suga ko yaro ya ci ko bai ci ba, gudu da tsalle kuma suna ƙara saukar da shi.

Na roƙi mahaifiyar ta bar ni in raka su asibiti ranar da za su ga likita, ta amince. A can wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni kamar ɗaliba. Ta ce idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a na'urorin da ke amfani da ɗaya ma'aunin, suga ya sauka. Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, shi ya sa alamun farko sukan yi kama da rashin kunya: yaro ya yi shiru ya ƙi amsawa, ko ya fusata ba dalili, ko maganarsa ta sarƙe, ga gumi da rawar hannu da yunwa da jiri. Abin da na kira harara, ashe ido ne da ya daina gani sosai. Maganin kuwa ba shi da tsada: abu mai zaƙi da ke shiga jini da sauri, kimanin giram 15, wato kamar babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba na ainihi, ba irin wanda aka cire wa suga ba. Ƙananan yara likita kan rage musu adadin. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi shi da biredi ko biskit. Ta ja mini kunne a kan abu uku. Kada in tura yaron shi kaɗai ya nemo abin da zai sha, don yana iya faɗuwa a hanya. In babu na'ura kuma ina shakka, in ba da zaƙin, domin a wannan lokaci illar bayarwa ba ta kai ta hanawa ba. Idan kuwa ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti.

Tana magana ina tuna wani abu da ya fi alewar daɗewa. Watanni kafin wannan rana yarinyar takan ɗaga hannu sau biyu ko uku a darasi ɗaya tana neman izinin kewayawa, kuma kullum gorar ruwanta na hannu. Sau nawa na ce mata gudun aiki take yi, ta zauna sai an tashi? Wannan kuma alamar hawan suga ce: jiki na ƙoƙarin fitar da shi ta fitsari, ƙishirwa ta biyo baya. Hana irin wannan yaro ruwa ko banɗaki azaba ce kawai, ba ta koya masa komai. In har abin ya kai ga amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, to ba maganar jiran tashi daga makaranta ba ce, ta asibiti ce nan take.

Iyaye, a nan ne zan yi muku magana kai tsaye, ko da ba za ta yi daɗi ba. Na fahimci dalilin ɓoyewa. Na san yadda ake ƙus-ƙus idan maganar aure ta taso. Amma yaronku yana kwashe sa'o'i biyar ko shida a hannunmu kowace rana, da yamma kuma ya wuce Islamiyya, inda wani malamin ke riƙe da tasa bulalar. Sirrin da kuka rufe mana bai kare 'yarku daga bakin mutane ba. Gaban makaranta gaba ɗaya ta faɗi. Ba sai an yi shela ba. Malamin aji da hedimasta da mai tsaron makararru a ƙofa sun isa, da malamin motsa jiki in akwai. Ku kawo takarda daga likita mai bayanin alamun da yaronku ya saba nunawa, da abin da za a ba shi, da lambar da za a kira. Ku ajiye ƙwayoyin suga ko lemo a wurin malami, ku riƙa sabuntawa. Idan yana zuwa da allurarsa, a nema mata inuwa, don zafi na kashe ƙarfin insulin. Kuma duk sabon zango, in an canza malami, ku koma ku sake bayani. Kada ku dogara cewa an miƙa labari. Haka nan idan azumi ya zo yara na gasar wanda ya fi kai wa, likitansa ne zai faɗi ko zai iya, ba gorin abokai ba.

Sai dai ni ma bayan wannan rana na sake yin wani kuskuren, na ɗaya gefen. Tsoro ya sa na daina taɓa ta ko da da magana. Ta ƙi yin aikin gida, in kau da kai. Ta yi surutu, in hori na kusa da ita. Ba a jima ba yara suka fara kiranta 'yar lelen Malama, suka daina sa ta a wasa. Mahaifiyar ce ta zo ta same ni, ta ce, “Malama, don Allah ki hore ta. Ciwo gare ta, ba hauka ba. Kada ki lalata mini ita.” Daga nan na gane inda iyakar take. Tana yin laifi ina hukunta ta kamar kowa: ta sake rubuta aikin, ta share allo, ta zauna a gaba kusa da teburina. Abin da na cire daga horon shi ne duk wanda zai taɓa cinta, ko shanta, ko banɗaki, ko ya gajiyar da jikinta, ko ya tsare ta lokacin tara. In kuma na ga halinta ya sauya farat ɗaya, gwaji nake fara cewa a yi kafin faɗa. Da na duba da kyau, yawancin horon da na cire mata ban ga amfanin da yake yi wa sauran ba, sai na rage shi a ajin baki ɗaya. Wannan ra'ayina ne, kuma ba duk abokan aikina suka yarda da ni ba.

A watan Nuwamba na shekarar, hedimasta ya yarda muka gayyato ma'aikaciyar jinyar nan ta yi wa malamai bayani, daidai da 14 ga wata, ranar ciwon suga ta duniya. A bakinta na ji cewa ranar haihuwar Frederick Banting ce, wanda shi da abokan aikinsa suka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, kuma mutum na farko da aka yi wa allurar a Janairun 1922 yaro ne. Malamin da ya sa ta tsallen kwaɗo yana zaune a layin gaba, shi ya fi kowa tambaya.

Yarinyar ta gama firamare tuni. Ni kuwa har yanzu ba a cin abinci a ajina, amma a aljihun teburina akwai gwangwanin ƙwayar suga, kuma ranar farko ta kowane zango nakan rubuta wa iyaye 'yar takarda ina tambaya ko akwai wata lalura da ya kamata in sani. Bana amsa biyu suka dawo, ɗaya ta asma, ɗaya ta sikila.