Zuma a Kan Allo

Wata ranar Talata malamin tarihinmu ya shigo aji ya yi mana wata tambaya. Ya ce, "Babilawa sun yi mulki sun shuɗe, yau ba wanda ke amsa sunansu. To, me ya hana Yahudawa ɓacewa, alhali sun yi shekaru aru-aru a warwatse cikin ƙasashen mutane?"

Ni kuwa da rawar kai sai na ɗaga hannu, na ce, "Malam, kuɗi ne." Aji ya kwashe da dariya, malam bai yi ba. Ya tambaye ni inda na karanta haka, na ce a bakin kasuwa na ji. Ya ce, "Zancen bakin kasuwa ba tarihi ba ne. Na ba ka mako biyu, ka shiga laburare ka kawo mini amsa." Ranar kunya ta hana ni cin abincin rana. Abin da na samo shi ne nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

A shekara ta 70 Miladiyya sojojin Rumawa suka ci birnin Ƙudus, suka ƙone Haikali, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa inda suke yanka hadaya. Littattafansu sun ba da labarin cewa tun birnin na kewaye da mayaƙa, wani malami mai suna Yohanan ben Zakkai ya sa almajiransa suka fitar da shi cikin akwatin gawa. Da ya isa gaban shugaban yaƙin Rumawa, sai ya roƙi a bar masa wani ɗan gari, Yabne, da malaman da ke cikinsa. A nan ya ci gaba da karantarwa. Daga wannan lokaci karatu da addu'a suka maye gurbin hadaya.

Wajen shekara ta 200 aka tattara dokokinsu na baka cikin littafin da ake kira Mishna. Bayan haka malamansu na Sura da Fumbedita, a ƙasar Iraƙi ta yau, suka yi ta sharhi da muhawara a kansa, har aka sami babban littafin nan Talmud. A cikinsa aka ambaci wani babban limaminsu, Yoshuwa ben Gamla, wanda tun kafin a rushe Haikali ya yi doka a sa malami a kowane gari, a riƙa kai yara tun suna shekara shida ko bakwai. Har an ƙayyade kada malami ɗaya ya riƙe fiye da yara 25. Da na karanta wannan sai na tuna yawanmu a aji, na yi murmushi.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne wata al'adar Yahudawan Jamus da Faransa ta zamanin da. Ranar da yaro zai fara karatu, sai a rubuta haruffan Ibrananci a kan allo, a shafa musu zuma. Malam ya karanta, yaro ya maimaita, sa'an nan ya lashe zumar, don ya san karatu abu ne mai daɗi. Haruffan nan 22 ne, daga dama ake rubuta su zuwa hagu, na farko sunansa alef, na biyu bet. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ji kamar ya san su. A gabashin Turai irin wannan makaranta ta yara ana ce mata heder, ma'anarsa ɗaki, don sau da yawa a ɗakin malamin ake yin ta. Matalauta ne akasarinsu, amma uba ya gwammace ya rage cefane da ya hana ɗansa zuwa. Idan yaro ya cika shekara 13 ya zama baligi a addini, sai a kira shi ya karanta Attaura a gaban jama'a.

Akwai kuma shaida da ido ke iya gani. A tsohon birnin Alƙahira akwai wani ɗakin ibadarsu mai ɗan rumbu, inda suka yi shekaru ɗaruruwa suna zuba tsofaffin takardu, domin ba sa jefar da rubutun da ke ɗauke da sunan Allah. A 1896 zuwa 1897 wani masani, Solomon Schechter, ya kwashi takardu dubbai daga nan ya kai Jami'ar Kambirij a Ingila. A cikinsu har da rubutun yara masu koyon baƙi, karkatacce irin na kowane ɗan koyo. Yawancin mutanen nan Larabci suke yi, amma da haruffan Ibrananci suke rubuta shi, kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, da irin wannan rubutu ya yi wasu littattafansa.

Daga ƙarshe mai kula da laburare ya ba ni wani ɗan siririn littafi na Elie Wiesel, wanda sunansa ke nufin Dare. An haifi marubucin a 1928 a garin Siget na ƙasar Romaniya. Yaro ne mai naci, da rana yana karatun Talmud, da dare yana ɗakin ibada. A 1944, yana da shekara 15, aka kwashe su cikin taragun dabbobi zuwa sansanin Aushwiz na 'yan Nazi. A nan aka kashe mahaifiyarsa da ƙanwarsa, mahaifinsa kuma ya rasu a sansanin Bukenwal a farkon 1945. Yahudawa wajen miliyan shida aka hallaka a wannan bala'i. Marubucin bai ɓoye cewa imaninsa ya girgiza ba, har ranar babban azuminsu ta zo bai yi azumi ba. Na karanta wurin nan da tocila cikin bargo, barci ya ƙaurace mini, don sa'ana ne. Amma bayan yaƙi, a Faransa, ya koma kan karatun da aka katse masa. An ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1986, ya rasu a 2016.

Wani abokina ya gan ni da littattafan nan, ya ce, "Kai kuma me ya haɗa ka da Yahudawa? Ba ka jin abin da ke faruwa a Falasɗinu?" Na ce masa ina ji, kuma yana damuna, amma sanin tarihin mutane ba goyon bayan wata gwamnati ba ne. Jahilci ne ya sa na kunyata a aji, ba na son in ƙara.

Da wa'adi ya cika na miƙe na ce, "Malam, makarantar yara ce." Ya gyaɗa kai ya ce in zauna.

Sai dai amsar ta bar ni da tawa matsalar. Tun da na shigo makarantar kwana na jingine allona. A hutun da ya wuce Baba ya ce in biya masa inda na tsaya, na yi ta in'ina. Bai yi faɗa ba, ya dai yi shiru, shirun kuwa ya fi mini bulala zafi. Mutanen da aka kora daga gari zuwa gari ba su yar da karatunsu ba, ni da ba wanda ya kore ni na yar da nawa. Yanzu kullum bayan sallar asuba nakan yi tilawa kafin a kaɗa ƙararrawar shara, har yara biyu 'yan aji ɗaya sun fara zama kusa da ni.

'Yan'uwana ɗalibai, kowane addini kuke bi, kada boko ya sa ku mance abin da aka koya muku a gida. Iyayenmu kuma, idan mun zo hutu ku riƙa tambayarmu, kuma a haɗa da ɗan zuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.