Doka Tana Takarda, Janareta Yana Ƙofar Shago

Yau ina so mu ɗan taɓa maganar wutar sola, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

In dai doka ce, ba mu rasa ba. A 2015 gwamnatin tarayya ta fitar da manufa kan wutar rana da iska da ruwa. A 2016 aka sa hannu da kamfanoni 14 su gina tashoshin sola masu ba da sama da megawat 1,000, akasarinsu a Arewa. Shekaru suka wuce ba a kunna ko ƙwai ɗaya ba, saboda gwamnati ta ce farashin ya yi tsada, kuma ta ƙi tsaya wa kamfanonin a kan kuɗinsu, bankuna kuwa suka noƙe. A 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki wadda ta ba jihohi ikon tafiyar da wutarsu. Legas ta yi tata dokar a 2024.

To, ni a kasuwar Mile 12 nake taya Baba sayar da tumatir. Kaya ya taso daga Kano, ya kwana biyu ko uku a hanya, in bai ƙare a ranar ba sai mu karyar da shi ko mu zubar. Ɗakin sanyi mai aiki da sola zai rage wannan asara, amma kuɗin faranti da batir sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kunna shi sai an yi lissafi. Duk wanda na sani da sola, da aljihunsa ya saya.

Shawarata ita ce, tun da iko ya dawo hannun jihohi, ofishin da za a je ya matso kusa. Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa su tafi da takarda a rubuce, su tambayi abin da dokar ta tanadar wa kasuwanni. Mu kuma matasa mu haɗa adashi, ko da firiza ɗaya ce mu fara. Muna biyan haraji a nan, muna da bakin magana.

Allah Ya sa mu dace, amin.