Akwatin Da Ke Magana A Jikin Bango

Mai karatu, in ka na jin cewa tarihin rediyo a ƙasar Hausa ya fara ne da Rediyon Kaduna ta 1962, to tsaya ka ji. Akwai wata tasha da ta riga ta, wadda a yau ko sunan ta ba a cika ambata ba.

Turawa na kiran ta Radio Distribution Service. An fara ta a Legas a 1935, ta je Ibadan a 1939, ta iso Kano a 1944, sannan garuruwa irin su Zariya da Jos su ka samu tasu. Ba ta iska ta ke zuwa ba, ta waya ce. A kama shirin BBC daga Landan a wani ɗan ofis, a tura shi ta waya zuwa lasifikokin da aka kafa kusa da fadar Sarki, da laburare, da gidan waya. Mai hali kuma a ja masa waya har gida, a rataya masa akwati, ya riƙa biyan haya. Babu zancen murɗa tasha: ko ka kunna, ko ka kashe, shi ke nan.

Kaka ta kan ce in akwatin maƙwabcin su ya fara magana, mata sai su ajiye taɓarya su kasa kunne ta katanga. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne jin Hausa na fitowa daga cikin katako. Ai kuwa tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu su Malam Isa Kaita da Bello Dandago ke karanto labarai da Hausa daga Ankara ta ƙasar Gana.

To me ya kashe ta? A 1951 gwamnati ta kafa gidan rediyo na ƙasa, wanda ya zama NBC a 1957, shekarar da BBC ta buɗe Sashen Hausa. Sai kuma ga ƙaramar rediyo mai batir ta shigo kasuwa. Wanda zai rataya rediyo a kafaɗa ya tafi gona, ya kamo tashar da ran sa ke so, me zai yi da akwatin da ke ɗaure a bango?

Abin da ke ci min rai shi ne muryoyin. Yawancin shirye-shiryen gida kai-tsaye aka yi su, makaɗi ya yi kiɗan sa, iska ta kwashe.

A nan ne zancen ya shafe mu, mu masu son fim da littafi. 'Turmin Danya' ya fito a 1990, jiya-jiya ke nan. Amma shiga kasuwa ka nemi finafinan zamanin kaset, ko littattafan soyayya na farko-farko, ka ga wahala. Furodusa nawa ne ke da asalin kaset ɗin fim ɗin sa na farko?

Don Allah, mai karatu, in akwai tsohon kaset ko littafi a ƙasan adakar ka, kada ka bar wa gara da damina. A kwafe kaset a kwamfuta, a adana littafi, tun masu ba da labarin su na raye.