Kundin waƙa huɗu da nake ji daga farko har ƙarshe

Akwai iyayen da ba su yarda da kiɗa a gidansu ko kaɗan, kuma ba da su nake jayayya ba. Da sauranmu nake, mu da muka san akwai waƙa cikin wayar ɗanmu ko ɗiyarmu, muka san ana jin ta dare da rana, amma ba mu taɓa zama mun ji me take cewa ba.

Ni mai son waƙar Turawa ne tun zamanin kaset, lokacin da in kana son waƙa ta biyar sai ka bi ta kan huɗun da suka gabace ta. Abin da ke damuna da yaran yanzu shi ne ba su san kundi ba. Guntu suke ji a TikTok, daƙiƙa talatin, su wuce. Alhali mawaƙi yakan jera waƙoƙi goma ko goma sha biyar da gangan, wannan ta share wa waccan hanya. Wanda ya taɓa zama ya ji waƙar Shago ta Ɗan Anace har ƙarshenta ya san daɗin da nake nufi.

Cikin kiɗan pop, ban ga kamar Racine carrée na Stromae ba, wanda ya fito a 2013. Sunan ma na lissafi ne, malaman lissafi sai su yi murna. Stromae ɗan Beljika ne, uwarsa Baturiya, ubansa mutumin Ruwanda, kuma an kashe uban a kisan kiyashin 1994. Waƙar Papaoutai daga nan ta fito: yaro ne ke neman uban da babu shi. Kiɗan na rawa ne, har ƙafa ba ta iya zama wuri ɗaya, maganar kuwa ta kuka ce. Na sha ganin yara suna tsalle a kanta, cikinsu har da waɗanda ubansu ya tafi bida Libiya ko Abijan shekara uku, ba su san shi ba sai a saƙon murya. Malamin Faransanci da ke neman abin da zai sa ƴan lise su buɗe baki su yi magana, ga shi nan a wayoyinsu. Akwai kuma Carmen, inda ya ɗauki karin da Bizet ya tsara a ƙarni na 19 ya yi wa masu maitar Twitter habaici da shi. Sai dai kada uba ya miƙa wa ƙaramin yaro kundin ba tare da ya ji shi ba, don Moules frites, duk da sunan abinci da take ɗauke da shi, zancen ciwon sanyi ne a lulluɓe.

Na Billie Eilish kuwa, When We All Fall Asleep, Where Do We Go? na 2019, ina ganin girman aikin amma hankalina bai kwanta da shi ba. Tana da shekara 17 ya fito, ita da wanta Finneas suka ɗauke shi a ɗakin kwana na gidan iyayensu a Los Angeles, kuma a 2020 shi ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Muryarta kamar raɗa, kiɗan ƙasan kuma yana girgiza ƙirji. Cikinsa akwai Xanny, inda take ƙyamar yadda abokanta ke shan ƙwaya, kuma duk wanda ya ga abin da tramol ya yi wa samarin unguwarsa zai so yara su ji ta. Amma akwai Listen Before I Go, ban kwana ne na wadda ta yi niyyar kashe kanta. Kada ka ce ai da Ingilishi ne, ba sa ganewa. Fassarar tana intanet. In ka lura ɗiyarka ta rage magana, ta rage cin abinci, kuma ita wannan waƙar take ta maimaitawa, ƙwace wayar ba shi ne farkon abin yi ba. A zauna da ita, a tambaye ta.

Sai indi rok, wanda shi ne zuciyata ta fi karkata gare shi. Asalin kalmar, ƙungiyoyi ne masu jita da ganga da ke fitar da aikinsu ta ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, ba mai tilasta musu su yi abin da kasuwa ke so. A nan ra'ayina ya saɓa wa na masu ba da kyauta. Ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta ci Grammy a 2011 da The Suburbs, ni kuwa kundinsu na farko, Funeral na 2004, nake fifitawa nesa ba kusa ba. The Suburbs waƙa 16 ne, ya haura awa guda, kuma a tsakiya yana ja da ƙasa. Funeral waƙa goma ne, babu ta yarwa. Sun sa masa wannan suna ne don ƴan uwan wasu daga cikinsu sun rasu a lokacin da ake aikinsa, amma babu zaman makoki a ciki: murya bakwai ko takwas ne ke tashi tare, da goge irin na Turawa, kamar masu gayya a gona. Ɗaya daga waƙoƙin ta samo asali daga ƙanƙarar da ta katse wa birnin Montreal lantarki a 1998. Mu da ɗaukewar wuta ta zame mana jiki, abin ya kusa ba mu dariya, sai dai sun yi waƙa mai kyau da shi. Wata kuma Régine Chassagne ce ta rera ta kan Hayiti, ƙasar da iyayenta suka gudu daga gare ta zamanin mulkin Duvalier.

Abin da da yawa ba su sani ba, wannan hanya ta indi rok ta biyo ta jihar Tawa. Mdou Moctar, Buzu ne ɗan wannan jihar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, waƙoƙin kuma daga waya zuwa waya suka yaɗu. A 2021 kamfanin Matador na New York, wanda ke cikin manyan gidajen indi rok, ya fitar masa da Afrique Victime. Da Tamashek yake mafi yawan waƙarsa, kuma ba sai ka ji harshen ba kafin Tala Tannam ta sanyaya maka jiki. Ita kuwa waƙar da kundin ya ci sunanta, kan halin da aka jefa Afirka take, ta haura minti bakwai. Tana farawa a hankali, ganga na ƙara sauri kaɗan kaɗan, har jitar ta koma kamar guguwar farkon damina. In aka yanko daƙiƙa talatin daga ƙarshenta, hayaniya kawai yaro zai ji. Ita nake fara kunna wa duk ɗalibin da ya ce mini waƙa mai tsawo na sa shi barci.